Hedfon ɗin Yallaɓai da Katangar Tsohuwata

Jiya na samu ɗaukakar da ban taɓa samu ba tun da aka haife ni. An shigar da ni har gaban Yallaɓai Babban Darakta, aka ce in ɗaga murya in faɗi damuwata. Bari in ba ku labarin da bakina kafin wani ya riga ni ya ɓata shi.

Kwatar da ta bi ta bayan gidanmu ta toshe tun bara. Ruwan da ya rasa hanya ya samu gindin katanga yana ci, kuma katangar ɗakin tsohuwata ce, daidai inda kan gadonta yake. Da farko allura ce kawai za ta shiga tsagar, yanzu yatsu uku nake zurawa. Ga hadari ya fara haɗowa kowace yamma. Sau shida ina zuwa ofishin masu lura da magudanan ruwa, sau shida ana ce mini Yallaɓai yana miting. Jiya ne zuwa na bakwai.

Ina zaune a kan bencinsu mai ƙafa uku da bulo, ina yi wa na kusa da ni bayanin tsagar, ashe muryata ta kai ciki. Ni dai Allah ya hore mini murya. Matata takan ce ko raɗa na yi mata, maƙwabta ne ke fara amsawa. Sai ga sakatariya ta leƙo.

"Wane ne mai maganar nan?"

Na miƙe ina shirin ba da haƙuri.

"Kai ake nema. Biyo ni."

Mutanen benci suka bi ni da kallon hassada. Har wani dattijo ya cusa mini takardarsa a aljihu, wai in na samu fuska in sa baki.

A ciki na tarar da Yallaɓai a kan kujera mai juyawa, ga Mataimakinsa a gefe, ga wasu manya uku sun jeru da biro a hannu. A kan tebur akwai kwali biyu a buɗe. Yallaɓai ya ɗauko hedfon, abin nan da ake kifawa a kunnuwa don jin kiɗa, marar waya, baƙi wuluk yana sheƙi, ya kifa. Mataimaki ya kifa nasa, ruwan toka, da gani ka san ƙanen wancan ne. Ni a wautata na ɗauka sabuwar na'urar ɗaukar koke ce ta iso. Har na ce a raina, lallai an fara ci gaba.

Sakatariya ta ce, "Fara. Kada ka rage komai, ka ɗaga murya iyakar ƙarfinka."

Jama'a, na yi magana. Na faro tun daga ranar da kwata ta toshe, na bi ta kan takardu ukun da na rubuto, na kwatanta tsagar da yatsuna. Na zo kan tsohuwa, na faɗi yadda take tofa addu'a a bango kafin ta kwanta. Na dubi Yallaɓai, na ga ya lumshe ido yana gyaɗa kai a hankali, yatsunsa suna ɗan taɓa tebur. Na ce shi ke nan, yau na taɓa zuciyar hukuma.

Da na kai aya, sakatariya ta ɗaga masa hannu. Ya cire abin, fuskarsa fal annuri.

"Madalla! Ko ɗis ban ji ba. Bakinsa kawai na ga yana motsi kamar na kifi. Ga kiɗa garau, kowace ganga a wurinta. Ga laushi, sai ka manta akwai wani abu a kanka. Kai fa?"

Mataimaki ya cire nasa yana murza kunne. "Ranka ya daɗe, wannan akwai gyara. Kiɗan ba laifi, sai dai ba shi da nauyi. Ya matse mini kunne, ga gumi. Sannan kuma," ya sassauta murya kamar mai tona asirin gida, "na ji katanga sau biyu. Na ji tsohuwa."

Manyan nan uku suka yi salati. Ɗaya ya ce a rubuta cewa matsakaicin, wato na Mataimaki, yana yoyo, sakatariya ta rubuta.

A nan ne na gane matsayina. Ashe kwamiti ne aka kafa don zaɓo wa manyan ofishin abin da zai kare su daga hayaniya, saboda aikinsu na bukatar natsuwa. Sati uku suna zama. Sun gwada da janareto, sun gwada da injin niƙa na bayan ofis, suka ga duk wannan wasa ne, ba a san ingancin kaya ba sai an gwada shi da ainihin abin da aka saye shi dominsa. Shi ne aka tura a nemo mai koke.

Don kada a ce ba shi da kirki, Yallaɓai ya ce a ɗora mini in ji. Ba zan yi masa ƙarya ba, kayan ya amsa sunansa. Soson da ke jikinsa ya kwanta a kunnena kamar kumatun jariri, duniya ta yi tsit, sai wani kiɗa mai sanyi yana zuba a tsakiyar kaina. Na rantse muku, na yi kusan minti guda ban tuna ina da katanga ba. Da aka sa mini matsakaicin kuwa, kiɗa na tafiya, amma ta ƙasansa ina jin tarin dattijon nan na kan benci. Gaskiyar Mataimaki ne, mutum ba zai iya aiki da wannan ba.

Na ajiye, na rusuna. "Ranka ya daɗe, maganar kwatar fa?"

"Wace kwata?"

"Wadda na gama faɗa yanzu."

"Ka rubuto."

"Na rubuto sau uku, ranka ya daɗe."

"To ka gani? Ana kan dubawa." Ya mai da abinsa kunne. Sakatariya ta gode mini da haɗin kan da na bayar, ta nuna mini ƙofa. Takardar dattijo kuwa na mayar masa da ita.

A hanyar gida na tsaya wurin maƙwabcina mai gyaran waya, na kwatanta masa kayan.

Ya ce, "Ai na san shi. Guda ɗaya zai saya maka siminti buhu ashirin. Akwai wani ƙaramin kunne a jikinsa da ke sauraron duk ƙarar da ke waje, sai ya kashe ta kafin ta shiga."

"Wato yana ji?"

"Sarai yake ji, maƙwabci. Don ya kashe yake ji."

Na ce to wannan ai ba na'ura ba ce, cikakken ma'aikaci ne, a ba shi ofis da mota kawai.

Ina isa gida na tarar gabas ta yi baƙi. Ni da matata muka kwance gadon tsohuwa muka fito da shi falo, muka tura kujeru gefe. Tana zaune a kan tabarma tana kallonmu, carbi a hannu.

"Sun ji ka kuwa?"

"Mutum ɗaya ya ji, Inna."

"To alhamdu lillahi, Allah ya yi masa albarka."

Ban gaya mata cewa nasa ne aka ce ba shi da kyau ba.

Saboda haka duk wanda yake tsaye a kanti yana ruwan ido tsakanin hedfon biyun nan, ga hukuncin wanda ya gwada. Mai tsadar ya fi sauti, ya fi laushi, babu gardama. Amma idan kai irina ne, sayi matsakaicin, ka haƙura da matse kunnen. Mu har yanzu muna bukatar mu ji ƙarar bango idan ya fara tahowa.