Ranar da Na Kira Alhaji "Silly"

Ina koyar da Turanci a Bakori, kuma a lokacin ji nake duk ƙasar Funtua babu wanda ya kai ni sanin asalin kalmomi. Na karanta cewa a tsohon Turanci "silly" na nufin mai albarka, kafin ta lalace ta koma wawa. Na ɓoye wannan ilimi sai ranar rabon kyaututtuka, da aka ce in gabatar da Alhaji Sani, manomin masarar da ya rufa mana azuzuwa da kwano.

Na gyara babbar riga, na karɓi lasifika, na ce, "Jama'a, a Turance Alhaji mutum ne silly ƙwarai." Na ɗan dakata maganar ta ratsa kafin in kawo bayani. Nan take janareta ya mutu, lasifika ta ɗauke.

Ɗalibai, waɗanda kullum da kalmar nake zaginsu, suka fashe da dariya. Alhaji ya dubi hedimasta: "Malam, me ya ce?" Hedimasta ya sunkuyar da kai.

Sai washegari na samu na yi wa Alhaji bayanin ma'anonin biyu. Har yau in na shiga kasuwa, Alhaji da kansa ke ɗaga murya: "Malam, Allah ya yi maka albarka, irin ta Turawa!"