Korau da Akwatin Sifikar Aro

A Tsamiyar Kura akwai gidan Inna Kuluwa, ita da 'ya'yanta maza biyu. Babban shi ne Korau, ƙato ne mai shekara arba'in, ba ya ƙarya, ba ya gardama, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ƙaramin, Nomau, makaɗin jita ne. Yana da 'yar amfilifa, na'urar ƙara sauti mai aiki da batirin mota, wadda ya sayar da riɗin shekara guda ya saya, kuma da ita yake kiɗan kalankuwa duk kaka. Bana Sarkin Samari ya ce masa: "Jama'a ta yi yawa. In kiɗanka bai kai gindin tsamiya ba, zan ba Sallau mai kiɗan na'ura fili." Nomau ya kasa cin tuwo ranar. Malam Anaruwa mai gyaran rediyo ya tausaya masa, ya ce zai ara masa akwatin sifika a jona a bayan amfilifar.

Wata rana da safe Nomau zai tafi gona, ya ce: "Yaya, je ka ɗauko akwatin. Don Allah kada ya taɓa ƙasa sai na dawo." Korau ya ɗauko ya zo gida, ya tsaya a tsakar gida da akwati a ka. Hantsi ya yi, azahar ta wuce. Inna ta ce: "Kai, sauke shi a kan tabarma mana!" Ya ce: "Inna, tabarmar a ƙasa take." Sai dai ta riƙa ba shi ruwa a ludayi. Da la'asar Nomau ya shigo ya tarar ƙafafun ƙaton nan na karkarwa, akwatin mutane na tangaɗi sama. Nomau ya yi tsalle ya tare akwatin da ƙirji, saura ƙiris ya daki turmi.

Wata rana kuma ya ce: "Yaya, je ka ce wa Malam Anaruwa ya yanko wayar da za ta kai daga amfilifa zuwa akwati." To, a lokacin amfilifar na ajiye a kan akwatin, don ɗakin ba fili. Korau ya auna da kara, ya tafi. Malam Anaruwa ya ce: "Ka tabbata?" Korau ya ce: "Da hannuna na auna." Aka yanko taƙi ɗaya, aka liƙa mata kawunan jonawa, ragowar wayar kuwa wani mai shago ya saye. Nomau ya riƙe 'yar guntuwar nan kamar wutsiyar ɓera. Ya so ya kai akwatin tsakiyar fili, yanzu dole su zauna a haɗe, ɗaya bisa ɗaya.

Wata rana, ana jibi kalankuwa, Nomau ya jona, ya kunna, ya ce: "Yaya, yi ta tafiya. Inda ka daina jin jita, ka tsaya ka riƙe wurin." Korau ya taka. Yana kaiwa bakin zaure, Nomau ya dakata ya ɗaure tsirkiya. Korau ya tsaya cak. Ga rashin sa'a, sai ga Sarkin Samari zai wuce. Ya ce: "Korau, ya sabon akwati, ina sautin ke kaiwa?" Korau ya nuna ƙasan ƙafarsa: "Nan ya ƙare." Haba! Kafin Nomau ya fito ya yi bayani, mutumin ya riga ya buga wa Sallau waya ya zo da kayansa ko da za a buƙata. Nomau ya ji kamar ya yi kuka, ga shi ba ya iya zagin wansa.

Ranar kalankuwa, bayan azahar, fili ya cika maƙil. Sallau ya iso a kan a-kori-kura da manyan akwatuna biyu da janareta, yana ta murmushi. Yara suka yanyame kayan Nomau, wannan ya ja, wancan ya latsa. Nomau ya zaunar da Korau a bayan amfilifar, ya ce: "Yaya, kada ka bar kowa ya taɓa bayan nan. Kowa fa na ce." Ya fara kaɗawa. Sauti ya fita da kauri, ya wuce rijiya, amma tsofaffin da ke gindin tsamiya suka ɗaga hannu, alamar ba sa ji sosai. Sarkin Samari ya ɓata fuska.

Sallau ya matso, ya ce: "Abokina, mai sauƙi ne. Ƙara akwatunana biyun a kan naka, har maƙwabta su ji." Nomau ya ga mafita, ya miƙa hannu baya. Korau ya riƙe masa wuyan hannu.

"Yaya, ni ne fa!"

"Kowa ka ce."

"Ban da ni!"

"Ba ka ce ban da kai ba."

Nomau ya roƙa, ya haɗa shi da Allah, ya ce ya janye maganar. Ina! Korau ya rungume amfilifa da akwati gaba ɗaya, ya runtse ido, don hayaniyar ta ruɗa shi. Mutane suka fara ihu. Sarkin Samari ya ce: "Ya isa haka. Sallau, fili naka ne." Nomau ya zauna da jita a cinya, kunya ta hana shi ɗaga kai. Shekara tara yana kiɗan nan, yau a gaban Inna aka ƙwace.

Sallau kuwa, don ya nuna isa, ya ɗauko 'yar amfilifarsa, wadda ba ta fi ta Nomau girma ba, ya jona mata akwatunansa biyu, ya ƙara da akwatin masu yin shela a filin, ya murɗe ta har ƙarshe. Ƙasa ta girgiza, 'yan mata suka yi guɗa. Ba a gama waƙa ta biyu ba aka ji ƙauri, sai fat! Hayaƙi ya tashi, komai ya yi tsit. Malam Anaruwa ya kutso, ya shinshina, ya girgiza kai: "Wa ya ce a labta wa ƙaramar amfilifa akwati uku? Ɗaya take iya ja bayan sifikar da ke jikinta. Nomau, da ka jona, da taka ce ke hayaƙin nan."

Nomau ya dubi hannunsa, inda yatsun Korau suka bar shaida. Sarkin Samari ya yi gyaran murya, ya ce: "To... kaɗa mana." Ya kaɗa. Tsofaffin gindin tsamiya suka naɗe tabarminsu suka matso kusa, aka yi rawa har rana ta yi ja.

Da aka watse, Nomau ya durƙusa gaban wansa da hawaye a ido, ya ce: "Yaya, ka yafe mini. Saki, mu tafi gida."

Korau bai saki ba. Ya buɗe ido ɗaya, ya ce: "To wa zai cire wayar? Ni ma ai ina cikin kowa."