An Binne Farfesa Kafin La'asar

"Lafiya lau, Maman Siddiq, gajiya ta bi lafiya. Ina bawan nawa? Ko ya shige firij ya ɓuya?"

Atine ce, tun takalmi bai gama fita daga ƙafarta ba. Ranar Asabar da hantsi, rana ta fara gasa Doha, amma baiwar Allahn nan ta tuƙo mota tun daga Lusail har gidanmu a unguwar Old Airport. Likitar yara ce, 'yar kawun maigidana Mas'udu. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, don haka tun suna ƙanana take kiransa bawanta, shi kuma yake kiranta duk abin da ya zo bakinsa.

Na san abin da ya kawo ta, don ni na kunna wutar. Baban Siddiq injiniya ne a wani kamfanin ajiyar kayan sanyi a Sanaiya, unguwar masana'antu. Wani abokin aikinsa ya ara masa littattafan nan na binciken kisan kai na mutanen arewacin Turai, waɗanda ake cusa tatsuniyoyin kakanninsu 'yan Viking a ciki, sai abin ya shige shi. Rana ɗaya ya ce shi ma sai ya rubuta nasa, kuma da Hausa. Ya daɗe yana fama. Saura babi ɗaya ya gama, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Duk abokin da ya tura wa sai ya ce "Masha Allah", daga nan shiru. Na ce masa ya yi daɗi, ya ce yabon matar mutum ba shaida ba ne. Ƙarshe ya ce zai goge shi daga kwamfuta kowa ya huta. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Sai na tura wa mutum ɗaya a duniya da ba ta taɓa jin nauyin gaya masa gaskiya ba.

Ya fito daga ɗaki yana gyara jallabiya.

"A'a! Wace iska ta kwaso mana tsohuwa yau? Zahra, rufe tukunyar nama."

"Durƙusa ka gaishe ni, ɗan mace."

"In durƙusa wa wadda na goya? Har fitsari kin yi mini a baya."

"Aikinka ka yi. Wa zai goyi uwargijiya in ba bawa ba?" Ta zauna ta ɗora ƙafa kan ƙafa. "Na ji labari ka zama mai kashe mutane."

Ya juyo ya dube ni. Na kama gyaran labulen da babu abin da ya same shi.

"Zahra ce ta tura miki?"

"Ta turo. Na karanta don neman lada, kamar yadda ake zuwa dubiya. Tsakani da Allah, Mas'udu, kai da ka tashi a Tudun Wadar Zariya, ka taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonka?"

"Kullum ina cikin ƙanƙara. Aikina ke nan."

"Ɗakin ajiyar kaji! Shi ya sa duk sanyin littafin ke ƙarnin kaza."

"Da 'yar shara na shiga ɗakin nan, na tsaya har gemuna ya daskare, don in san abin da sufetona zai ji a jikinsa. Ke kuwa ko ruwan firij kika sha sai kin kwana kina atishawa."

"Jikin 'yan gata ke nan. Mu je ga sufeton naka. Baturen Norway, ya je gidan wanda ake zargi da kisan kai, shafi biyu suna gaisawa! Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi, yaya muka ji da haƙuri. Saura kaɗan ya tambayi lafiyar awaki."

"Mutum ne mai tarbiyya. Ba kowa ne ke shiga gidan mutane yana neman bawa tun daga ƙofa ba."

"Bari, ban zo wurin ba tukuna." Ta juyo gare ni. "Maman Siddiq, ki zama shaida. An tsinci farfesa a cikin tsohon jirgin ruwan Viking da aka tono daga ƙasa, an ƙwaƙule masa ido ɗaya, ga hankaki biyu matattu a gefensa. Na ce to, yau bawa ya yi abin kai. Ina juya shafi, sai na tarar an yi wa farfesa wanka, an binne shi kafin la'asar!"

"To a ajiye shi ya yi me? Ya ci gaba da koyarwa?"

"Likita ya duba shi mana, ɗan ƙauye! Mutanen da ke ajiye gawa makonni kafin su sa ranar binnewa? Kai ka binne hujjar 'yan sanda da hannunka. Sai ga maƙwabta sun yi layi da kwanukan abinci, har da sadakar uku."

"Marayu ya bari. A bar su da yunwa?"

Na toshe baki da mayafi. Ni ma da na karanta wurin ban ga laifinsa ba, don a wurina gawa ba ta kwana.

"Kuma ma," in ji Atine, "me ya haɗa ɗan Malam Ɗalhatu da gumakan mutane? Baffa na can yana jan carbi, kai kana nan kana kiwon hankaki."

"Ban ce a bauta wa kowa ba. Tatsuniyarsu ce, kamar yadda muke da tamu. Babban gunkin nasu ya ba da idonsa a bakin wata rijiya don a ba shi ilimi, hankaki biyu ke kawo masa labarin duniya. Mai kisan tatsuniyar yake bi, kowace gawa da nata labarin. Na biyun an sare masa hannun dama, saboda akwai wanda kyarkeci ya cinye wa hannu."

"Hankaki biyu masu kai gulma? Ai kai da ƙaninka Abass ne a gidan Kaka."

"Mai ido ɗayan kuma ke ce, don ba kya ganin komai sai laifi."

Ta tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya zauna a hannun kujera, ya kalli kwamfutar da ke kan tebur, ya ce, "Kin gama?"

"Ko rabi ban yi ba."

"Ba sai kin ƙarasa ba. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Ban taɓa taka ƙasar ba, ban san yadda suke kuka ba, ban san yadda suke gaisawa ba. Ni ma na gani. Shi ya sa yau zan goge shi. Khalas, magana ta ƙare."

Na ce a raina, Zahra, kin kira mai kashe gobara ta zo da fetur.

Atine ta sauke ƙafarta ƙasa. "Ka goge me?"

"Duka."

"To ina babi na ƙarshe? Wanda aka turo mini ya tsaya a inda sufeto ya buɗe ƙofar rumbun kifi."

"Babu shi. Ban rubuta ba."

"Kamar yaya babu shi? Mutum ya buɗe ƙofa, sai ka bar shi tsaye a cikin sanyi?"

"Ai kin ce ƙarnin kaza yake."

"Ba wai ya dame ni ba ne," ta ce, tana gyara ɗankwali. "Ni tun tsakiyar littafin na gano mai kisan. Mataimakin farfesa ne, mai jan gemun nan."

"Me ya sa kika ce shi ne?"

"Shi ke riƙe da makullin gidan tarihi. Shi kaɗai ya iya karanta tsohon rubutun da ke kan dutse. Kuma ya yi ƙarya, ya ce kwalekwalensa na wurin gyara, alhali mai sayar da mai ya gan shi a ruwa."

Baban Siddiq ya ɗago kai a hankali. "Maganar mai sayar da mai layi ɗaya ce tak a littafin nan."

"To sai me? Ina da ido."

"Ba shi ba ne."

"Ƙarya kake!"

"Wallahi ba shi ba ne."

"To matar farfesa ce. Ko hawaye ba ta yi ba a zaman makokin naka."

"Ba ita ba ce."

"Ɗan jaridar nan mai ɗingishi?"

Sai ga haƙoran maigidana a waje. Rabon da in ga wannan dariyar tun kafin ya fara zancen gogewa. Ya miƙe tsaye, ya harɗe hannu a baya, yana zagaya falo kamar sufeton nasa.

"Zahra, ki zama shaida ke ma. Matar nan tun muna yara ko gyaɗa na ɓoye a aljihu sai ta gano. Yau na ɓoye mata mutum sukutum, ta yi zargi uku, duk ta faɗi."

"Tsautsayi ne. Faɗa mini waye, in tafi, ina da marasa lafiya."

"Yau Asabar, ba kya aiki. Faɗi abin da ya fito da ke daga Lusail cikin zafin ranar nan."

"Zumunci."

"Zumuncin da ko ranar Sallah sai dai ki turo saƙon waya? Faɗi."

"In faɗi me?"

"Kin sani."

Kowa a danginsu ya san Atine ba ta taɓa yabon Mas'udu ba. Ranar da ya gama digiri cewa ta yi malaman ne suka gaji da ganinsa. Ranar aurenmu ta riƙe hannuna ta yi mini jaje. Yanzu ga ta tana zufa a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki.

"Zan 'yanta ka," ta ce. "Daga yau kai ɗa ne."

"Ba na so, na saba."

"Zan daina ba 'ya'yanka labarin ranar da tunkiya ta kore ka har cikin masallaci."

"Sun riga sun haddace."

Ya jawo kwamfutar, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kai. "Yalla, yi maza, Atine. Ko ki faɗa, ko sufeto ya mutu a bakin ƙofa."

"Maman Siddiq, gaya wa mijinki..."

"Ga ni a gabanki. Ni za ki gaya wa."

Da ta buɗe baki, muryar ba ta wasa ba ce.

"Mas'udu, littafinka ya kama ni. Na ƙona shinkafa a kansa, na wuce kwanar gidanmu ina tunanin hankakin nan. Tun da nake karatu da Hausa ban taɓa jin tsoro irin na rumbun kifin nan ba. Kurakuran gyaruwa za su yi. Ka tono farfesa ka kai wa likita. Gaisuwar kuma kada ka taɓa ta, ka mayar da sufeton Bazazzagi da ya je karatu ya zauna, ya yi ta gaishe su har su rikice su faɗi gaskiya. In ka goge shi, wallahi ba zan yafe maka ba."

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ni kam nawa har ya zubo. Ya yi gyaran murya, ya kama kunne.

"Ƙarar na'urar nan ta yi yawa. Maimaita daga farko."

Ta wurga masa matashin kujera, ta fashe da dariya. "Allah ya isa! Ka ci wannan, ɗan mace, amma in ka gaya wa mutanen Zariya sai na ƙaryata." Ta zuge jaka ta fito da ƙunshin kilishi, ta dangwarar a gefen kwamfutar. "Na 'ya'yana ne, jiya aka kawo daga gida. Ci ka rubuta. Ba inda za ni sai an shiga rumbun nan."

Ya yagi kilishi, ya gyara zama, ya fara dannawa.

"Abu ɗaya kawai," in ji ta. "Tsohuwar nan mai ba wa sufeto tatsuniya tana dafa masa shayi, mai kama da Kaka. Ita kaɗai nake ƙauna a littafin. Kada ka bari mai kisan ya taɓa ta."

Bai ɗago ba. "Kwantar da hankalinki. Mai kisan ba zai taɓa ta ba ko da wasa."

"Alhamdulillahi." Ta jingina da kujera. Can sai ta zabura ta dafe ƙirji. "Kai! Mas'udu! Ba dai ita ba ce?"

"Zahra," ya ce yana taunar kilishi, "kawo wa uwargijiyata ruwa. Amma ba na firij ba."