Rasuwar Dubagari, Manhajar Injiniya Maharazu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci, Injiniya Maharazu Kalilu Jibiya yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar manhajarsa, wadda aka fi sani da Dubagari. Ta cika ranar Talata da hantsi a bakin iyakar Magama, tana da shekara shida a bakin aiki.

Marigayiyar ta yi rayuwarta a wata matatar mai. Aikinta lura da na'urorin musayar zafi, inda ɗanyen mai ke bi ta siraran bututu yana ɗaukar zafi. Dauɗa kan taru a bututun nan a hankali har su toshe, ita kuwa takan faɗi ranar wanki tun kafin a kai ga haka. In lafiya, ta nuna kore. In da matsala, ta nuna ja, ta yi ƙit-ƙit sau biyu cikin ladabi. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa neman hutu ba. Maharazu ya sha cewa ya fi yarda da ita a kan idonsa.

Ciwon ajalinta ya faro bara, amma ta ɓoye. Wanda ya fara lura shi ne Baba Yusha'u, tsohon makaniki ɗan Mazanya, mai shekara talatin a matatar. Ya dafa bututu ya ce, “Injiniya, na ukun ga ya toshe. Hannuna ya faɗa mani.” Maharazu ya duba allo, ya ga kore shar. A gaban ma'aikata ya ce masa zamanin shafe-shafe ya wuce. Da tsohon ya nace, sai Maharazu ya rubuta takardar da ta sa aka yi masa ritayar dole.

Bayan wata biyu na'ura ta uku ta shaƙe, sashen ya tsaya cak, aka sallami Maharazu. Duk da haka bai zargi marigayiyar ba. A ransa ma tsohon ya zarga da taɓa wani abu kafin ya tafi.

Ranar Talatar ya ɗauko ta a kwamfutarsa, zai tsallaka Nijar neman aiki, da niyyar ita ce za ta yi masa shaida. Jami'in kwastan ya ce ya kunna a gani. Ta buɗe, ba waya, ba bututu, ba matata, sai layin manyan motoci da masu tallar rake. Nan take ta sanar cewa ta auna na'urori goma sha biyu yanzun nan, duka tsaf suke.

“Ina na'urorin?” in ji jami'in.

Maharazu ya ƙura wa allon ido. A tsaye ya gane cewa tun ranar da ma'aunan da ke jikin bututun matatar suka daina aiko mata labari, tsohon awo take maimaita masa kowace safiya, ba ko ƙit ɗaya. Ya rufe kwamfutar, ya karɓi fasfonsa, ya juyo gida.

Ta rasu ta bar rahotanni sama da dubu biyu, waɗanda ba a san daga inda ƙarya ta fara a cikinsu ba, da na'ura guda a kwance, da maigidanta da ba shi da aiki. Masu cewa a yafe wa mamaci su yi haƙuri, shi dai bai kai nan ba tukuna.

Za a goge ta ranar Alhamis bayan la'asar, a shagon yayarsa Bilki da ke tashar Magama. Ba zaman makoki, kada kowa ya kawo abinci. Daga nan Maharazu zai wuce Mazanya, ƙofar gidan Baba Yusha'u. Ya aika sau biyu, ba a ce ya zo ba, ba a ce kada ya zo ba. Duk dattijon da tsohon ke jin nauyinsa, ana roƙonsa ya zo da wuri, akwai wuri a mota.