Jatau da Launin Sama

A Kwarin Gawo akwai wani gida mai mutum uku: Barau mai zanen manyan motoci, da ƙaninsa Jatau, da Ladidi matar Jatau, wadda ni dai ban taɓa ganin mai haƙurinta ba. Jatau ba rago ba ne, yana da son sanin abu kamar me. Matsalarsa ɗaya: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. A da zaki da dawisu direbobi ke so a bayan mota, amma tunda aka fara nuna tashin kumbo a talabijin, kowa sai kumbo. Barau bai taɓa ganin kumbo ba, ciniki kuma ya koma wajen masu buga sitika da inji a birni. Motar Alhaji Sambo kaɗai ta rage a rumfarsa. In aikinta bai yi kyau ba, rumfa ta rufe ke nan.

Wata rana Barau ya ce, "Je gidan kallo ka dubo mini kumbon nan, daga tashinsa har saukarsa." Jatau ya je, kumbo ya tashi ya ɓace. Aka sa ƙwallo, aka sa labarai, yana zaune ya kafe akwatin da ido. Da la'asar Ladidi ta biyo shi da tuwo.

"Malam, me kake jira?"

"Bai sauko ba. Ni mamakin da nake, me mutanen ciki suke ci a can?"

Wata rana Barau yana ta fama da hoton ɗan sama-jannati, ya yi tsaki ya ce, "Da zan ga mutumin da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, da tuni na gama." Jatau ya kwance igiyar rijiyar unguwa, ya ɗaura a ƙugu, ya rataye kansa a reshen darbejiya, yana lilo da tukunyar Ladidi a ka. Mata suka zo ɗiban ruwa ba igiya. Ranar Barau ya sha ba da haƙuri, amma ya zana hoton kafin a sauko da shi.

Wata rana, ana gobe Alhaji zai karɓi mota, Barau ya ce, "Haɗa fenti daidai da launin sama ka shafe bayan motar. Ka riƙa duban sama kada ka kuskure." Ya tafi jana'iza ƙauye. Jatau ya haɗa shuɗi mai kyau. Kafin ya shafa, rana ta take, sama ta yi fari, ya ƙara fari. Hadari ya taso, Jatau ya zuba fenti ruwan toka. Da yamma ya juye ja da rawaya. Bayan magariba ya duba, ya zazzage baƙi duka, ya shafe bayan motar tas.

Da safe Barau ya dawo ya ga aika-aika. Fenti ya ƙare sai ɗan guntun fari. Ya zana kumbon da ɗigon taurari a kan baƙin, zuciyarsa cike da baƙin ciki.

Alhaji Sambo ya iso, ya ƙare wa zanen kallo.

"Malam Barau, wa ya gaya maka? 'Yata mai karatun kimiyya ta nuna mini hoto a waya. Inda kumbo ke zuwa baƙi ne ƙirin, ko da rana tsaka. Masu sitika duk shuɗi suke bugawa. Sauran motocina nan za a kawo su."

Barau ya juyo zai rungume ƙaninsa, sai ya hango shi tafe da burushi da bokitin shuɗin bula da ya aro wajen Ladidi, yana ɗaga kai sama.

"Yaya, ku matsa. Ta sake canzawa."

Da Alhaji da Barau da Ladidi, su ukun suka taru kafin a ƙwace burushin.