Katin da Ya Sake Nutsar da Gungun Tamada

Zuwa ga Mai Girma Manaja,
Kamfanin Walƙiya na Kayan Kwamfuta, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramar mai buga takardu ke yi wa manya masu ofis da fanka, ni ce Zuliha Zaidu, mai shago kusa da tashar jiragen ruwa a Yelwa. Na zaɓi in gode muku a bainar jama'a, don aikinku ya fi ƙarfin godiyar ɓoye.

Kwamfutata tsohuwa ce, gwanjo na saye ta shekarar da aka ba mu jihar Kebbi. A faifanta na zuba labarin garinmu, Gungun Tamada, tsibirin da ruwan Kainji ya cinye. Baba ke faɗa ina bugawa: gidan wa ke bin gidan wa, ina maƙabarta take, a gindin wace tsamiya ake ɗaure jirage. Bara ya rasu. Bana katin da ke haɗa faifan da sauran injin ya fara gardama, yau ya tashi, gobe ya ƙi.

1. Na tambaye ku wane kati zan zaɓa, kuka aiko mini littafin Turanci cike da hotunan katuna, duk kamarsu ɗaya. Allah ya saka da alheri. Mai sayar da fatsa a kasuwarmu yakan tambayi wane kifi za a kama. Ku kam ilimi ya ɗauke muku wannan wahalar.

2. Sai na yi yadda muke yi a nan. In farfelar injin jirgi ta lalace, tsohuwar ake kaiwa a gwada, a dawo da ita tare da sabuwa. Na naɗe tsohon katin a ƙyalle, na ba direba ya kawo muku. Sabo ya dawo shi kaɗai, sai ƙyalli yake. Tsohon fa? Wai an share ofis an zubar. Madalla da tsabta!

3. Faifaina wayoyi biyu masu faɗi gare shi, katinku ramin waya ɗaya. Ranka ya daɗe, a Kaduna ba a duba ramuka ne, ko wannan aikin mutanen bakin ruwa ne?

4. Kuka turo injiniya da wani katin. Bai tambaye ni abin da ke cikin faifan ba. Ina can ina kawo masa ruwa da soyayyen kifi, kamar yadda ake yi wa baƙo, ya goge faifan tas don ya dace da katinku. Yana cin kifin yake bayyana mini, cikin fara'a, cewa tsohon katin ne kaɗai zai iya karanta abin da ke ciki, kuma da ɗan gyara da ya tashi. Wace makaranta ke koyar da bayani bayan an gama ɓarna?

Kwamfuta na aiki yanzu, ba zan yi muku ƙarya ba. Jiya Inna ta zo shago ta ce in karanta mata wurin da Baba ya kwatanta ɗakin da aka kai ta tana amarya. Na kunna, muka zauna muna kallon allo, ba ko harafi ɗaya. Ta gyara mayafi ta tafi. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake.

Waɗanda suka fara nutsar da garinmu sai da suka gina madatsa, suka yi shela, suka kwashe mu da kayanmu a jirage. Ku da kati ɗaya kuka gama, kafin kifi ya huce.

Allah ya ƙara wa kamfani basira, ya kai ku inda ba ku taɓa zuwa ba, ban da Yelwa.

Taka mai biyayya matuƙa,
Zuliha Zaidu,
Yelwa, Yawuri, 1993.