Yadda Za Ka Raɗa wa Ƙwarin Teku Suna Alhali Ba Ka Taɓa Ganin Teku Ba

Wannan darasi naka ne, kai da ka yi shekara da shekaru kana cika majalisar Fagge da labarin aikin da ka yi a jirgin ruwa a Ikko, alhali iyakarka Kaduna, can ma guzuri ne ya ƙare. Ga shi Boniface, akawun tashar jirgi, ya dawo hutu daga Fatakwal da ruwan teku a garwa da dutsen murjani, ya zuba a akwatin gilashin da yake kiwon 'yan kifaye a gidansa na Sabon Gari. Wasu 'yan halittu sun fara fitowa daga ramukan dutsen, shi ma bai san su ba. Majalisa ta ce ai ga gwani, a tafi da kai. Sunanka na Na-Teku yana kan siraɗi. Bi matakan nan, na lamunce maka za ka dawo da shi lafiya.

1. Kada ka yi mamaki

Za ka ga wani kamar shanshani yana iyo, wani kamar furen kabewa yana buɗewa yana rufewa. Haɗiye salatin da ya taso maka, ka taɓe baki ka ce, "Au, waɗannan ne? Ai 'ya'ya ne. Iyayensu sun kai akuya."

2. Ɗanɗana ruwan

Tsoma yatsa, ka lasa, ka lumshe ido. "Wannan na gefen Fatakwal ne. Namu na Ikko ya fi shi gishiri." Ba mai musa maka, don babu wanda ya taɓa lasar biyun.

3. Raɗa suna da sauri

Mai sani ba ya jinkiri. Ɗauko ƙwaron gida ka liƙa masa teku: kunamar teku, kyankyason teku, kuɗin cizon teku. Wanda ya gagare ka, ce macen wancan ce. In Agnes, matar gidan, ta ce, "Malam, ai shi ka ce namiji ne ɗazu," yi mata murmushin manya ka ce haka suke, da hantsi maza, da la'asar mata, Allah mai iko. Ba a jayayya da ikon Allah a gaban jama'a.

4. Yi hattara da Sammani tela

Tun ranar da ka ce kifi ya haɗiye maka agogo yake harararka. Shi suna bai dame shi ba. Tambaya ɗaya gare shi, wadda Bakano ke yi in ya ga baƙon abu mai motsi: "Na-Teku, ana ci?"

Kada ka ce haramun ne. Malam Ari, limamin majalisa, yana bakin ƙofa, zai gyara murya ya ce duk abin teku halal ne. Kada kuma ka ce ba daɗi, kai da ka rantse cewa da su kuke karya kumallo a jirgi.

5. Ci

Babu wata dabara, ɗan'uwa, wallahi ni ma tausayinka nake ji. Agnes za ta kawo cokali. Boniface zai ce, "Ɗauki babban, Malam, ba na yi wa baƙo rowa." Zaɓi mai ƙarancin ƙafafu. Yi bisimilla da ƙarfi, kada ka tauna. In hawaye ya zubo, ce ka tuna abokan aikinka ne da ruwa ya ci. Majalisa za ta yi kabbara, Sammani ya sunkuyar da kai. Sunanka ya tsira.

Gargaɗi

Kumburin leɓe, ƙaiƙayin harshe da zaryar bayan gida, duk ba ruwana, kada a aiko gidana. Haka nan ba ni na ce dutsen ya ci gaba da haihuwa ba. Boniface ya ce kullum sababbi ke fitowa, har sun fara damun 'yan kifayensa. Tunda kuwa Allah ya kawo mai so, ya gaya wa Agnes ta riƙa aiko maka da su Fagge a kwano kowace safiya, ka karya a gaban majalisa.